Agogunan Baba guda uku: in sayar, in gyara, ko in shiga harkar gaba ɗaya?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san tsofaffin agogunan hannu.

Mahaifinmu ya rasu bara da azumi. Da aka zo buɗe akwatinsa na ƙarfe, ƙarƙashin takardun fansho sai muka tarar da gwangwanin alewa, a ciki agoguna uku naɗe a tsohon hankici. Na farko Seiko 5 ne, irin wanda tsofaffi ke cewa da jini yake aiki. Wannan na san tarihinsa, don Baba ya sha ba mu labari: da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya saye shi a 1975, rana ɗaya da rediyonsa da keken ɗinkin Hajiyarmu. Ranakun mako da Turanci da Larabci suke fitowa a jikinsa. Na girgiza shi sau biyu ko uku, sai ga shi ya kama tafiya bayan ya fi shekara goma a kwance. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na biyu Rado ne mai launin zinare, mai faffaɗan baki, tsarabar aikin Hajjinsa na 1980. Ba ya ɗaura shi sai Juma'a da Sallah. Na uku Omega, an rubuta Seamaster a fuskarsa, a baya kuma akwai zanen wata dabba kamar doki mai jelar kifi. Wani Bature da suka yi aiki tare a Reluwe ne ya sayar masa da zai koma gida. Shi wannan ba ya motsi sam. Gilashin duk ya kakkarce, fuskar ta koma kamar an tsoma ta a shayi.

Makon jiya na kai su kasuwa. Mai gyaran da na nuna wa ya ce injin Omegan ya mutu, a cire a sa na batir, a sake wa fuskar fenti, dubu takwas ya dawo sabo. Na ce zan yi shawara. Ina barin wurin sai wani da ke zaune a teburin gefe, wanda bai ce uffan ba tun zuwana, ya biyo ni ya ce in ba shi ukun a kan dubu ɗari da hamsin, yanzu-yanzu ya tura mini. Ni ban ce na sayarwa ba ne, shi kuma ko juya su bai yi ba. Abin da ya sa na yi turus ke nan.

Da dare na shiga bincike a waya, na ga an sayar da wani tsohon Rolex sama da dala miliyan 17. Tun ranar barci ya gagare ni. Ina da ɗan jari wajen naira miliyan biyu da na tara a sana'ar kayan waya, kuma kowa ya ga yadda naira ta yi tun 2023. Tunanina shi ne, gidajen tsofaffin alhazai nawa ne a Kano da ke da irin wannan gwangwanin? Me zai hana in riƙa bi ina saye ina ajiyewa? Wanda ya san dawan garin ya taimaka mini, don Allah.

Baba Mai Agogo

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi masa nan. Jikana ne yake buga mini wannan ina faɗa, in ka ga kuskure nasa ne. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a kan teburin gyaran agogo, sai da ido ya ce ya gaji.

Kada ka sake ka koma wurin mai cewa a sa injin batir. Ba lallai mugu ba ne, abin da ya iya ke nan. Tun da agogon batir ya cika gari, yawancin yaran da suka shigo sana'ar nan canjin batir da maɗauri suka koya, ba kwance inji ba. Amma in ya cire injin Omegan nan ya dasa na ɗari biyar, ya zare ran agogon ne ya miƙo maka gawa. Injin da ya cire kuwa ba a shara zai jefa shi ba, kai ma ka sani. Kuma da wuya ka ga injin irin wannan ya mutu. Sau tari mai ne ya bushe ya daskare, ko sifirin ya tsinke, ko ƙurar hunturu ta shiga. Abin da ke kashe shi da gaske ruwa ne, in tsatsa ta ci shi.

Fuskar nan da ka ce ta yi kalar shayi, kada kowa ya taɓa ta. Masu tara tsofaffin agoguna sun fi son fuska ta asali da tsufanta a kan wadda aka sake wa fenti, komai kyan fentin. Haka jikin ƙarfen, kada a kai shi injin gogewa don ya yi ƙyalli. Gogewa tana cinye kaifin gefunansa, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Gilashin ne kaɗai ba matsala, na roba ne, ana iya goge shi da hannu ya washe. In ma an canza, ka karɓi tsohon ka ajiye. Duk abin da aka cire daga agogon nan, ko ɗan ƙaramin noti ne, a ƙulle maka shi a leda.

Shi kuma Seikon, na san daɗin da ka ji da ya motsa, amma ka daina girgiza shi. Tafiyar da yake yi yanzu kamar a tuƙa mota ba baƙin mai ce. A wanke shi, a sa masa sabon mai tukuna. Maganar jini kuma, haka muka taso muka ji ana faɗa, amma ba jini a ciki. Wani ƙarfe ne mai siffar rabin wata a bayan injin, duk sa'ad da ka motsa hannu sai ya juya ya ɗaure sifirin. Shi ya sa in mutum ya kwanta ciwo kwana biyu agogon ke tsayawa, mutane su ce ai jininsa ne ya yi ƙasa. Na sha rigima da masu kawo gyara a kan wannan, da kuma a kan duwatsun da ake rubuta 17 ko 21 a fuska. Wani sai ya rantse an sace masa yakutu. Yakutun masana'anta ne, ba su da wani kuɗi, an sa su ne don kada ƙafafun inji su cinye.

Juya bayan Seikon, za ka ga lambobi kala biyu. Akwai huɗu, ɗan layi, sannan wasu huɗu: na farkon lambar inji ce, na biyun ta jiki. Sai wata doguwa ita kaɗai. A cikin doguwar, lamba ta farko ƙarshen shekarar da aka ƙera shi ce, ta biyu wata. Daga 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Ka duba ka gaya mini, mu ga ko ta yi daidai da labarin Udoji.

Radon kuma, dubi ƙaramar ankar jirgin ruwa da ke saman fuskarsa. In mai aiki da motsin hannu ne na ainihi, ankar tana juyawa in ka karkata agogon. Ko ta ƙi juyawa ba shi ke nan jabu ba ne, wani lokaci maƙalewa take yi don bushewa, amma in zana ta kawai aka yi to ka fara shakka. An cika garin nan da jabun Rado a shekarun 1980, har Makka ma ana sayar wa alhazai.

Abu ɗaya na kiyaye lafiya. Ɗigo-ɗigon da ke haske cikin duhu a fuskar agogunan da aka yi kafin wajen 1960, da sinadarin radiyam aka yi su, mai cutarwa ne in an shaƙi garinsa. Daga baya aka koma wani mai sauƙi, shi ne za ka ga an sa T a gefen rubutun Swiss Made can ƙasan fuska. Ko wanne ne, kada ka buɗe ka kankare, kada yara su yi wasa da shi. Kuma ka raba su da rediyo da sifika, maganaɗisu yana haukata agogo ya riƙa gudu.

Zancen jari na bar wa 'yan boko. Ni dai na gyara agogon mutane dubbai, ban yi kuɗi ba.

Baƙon Jidda

Allah ya gafarta wa Baba, ɗan'uwa. Abin da dattijo ya faɗa a sama ka riƙe shi da hannu biyu. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara agoguna a nan Jidda, ina da goma sha huɗu, bari in taɓa ɓangaren kuɗin.

Rolex ɗin da ya hana ka barci na san shi. Daytona ne, an yi gwanjonsa a New York a Oktoban 2017 a kan dala miliyan 17 da dubu 750 da 'yan kai. Amma ba tsufansa aka saya ba. Na hannun ɗan wasan Amurka Paul Newman ne, matarsa ta ba shi da rubutu a bayansa, kuma dama masu harkar sun daɗe suna kiran wannan samfurin da sunansa. Guda ɗaya ne a duniya. Auna gwangwanin alewa da shi ganin kitse ne ake yi wa rogo.

Seiko 5 tun 1963 ake yin sa, an ƙera miliyoyi, kuma ƙarkonsa ne ya sa bai yi tsada ba: ya ƙi mutuwa, yana nan ko'ina. Mai kyau na shekarun 1970 da wuya ya wuce dala ɗari zuwa ɗari da hamsin. Radon naka, in DiaStar ne, samfurin da ya fara fitowa a 1962 da jikin da ba ya karcewa, 'yan ɗaruruwan daloli ne. Mu da mutanen Indiya da Larabawa ne muka ɗaukaka Rado, manyan masu tarawa a Turai ba su cika rububinsa ba. Kuma launin nan ba zinare ba ne, wani ƙarfe ne mai tauri aka yi wa launi, don haka ba laifi namiji ya ɗaura. Omegan ne mai ɗan nauyi. Seamaster mai jikin ƙarfe na shekarun 1960, komai nasa na asali, yana aiki, ina ganin ana sayar da irinsa daga dala ɗari shida zuwa dubu ɗaya da wani abu. Kai lissafa da canjin Wapa na yau, za ka gane dalilin da mutumin teburin gefe bai tsaya juya su ba. Omegan yake so, sauran biyun gyara ne.

To ga inda gizo ke saƙa. Wancan farashin na kasuwar waje ne. Wa zai ba ka shi a Kano? Kafin kuɗin su shigo hannunka sai ka biya wanki da mai wurin wanda ya iya, ka biya aikawa da inshora, dandalin sayarwa ya cire nasa, kuma mai saye a Jamus ko Japan yana ɗari-ɗari da sabon mai sayarwa da ba shi da tarihi. Manyan gidajen gwanjo kuwa ba sa karɓar irin waɗannan ƙananan, kuma la'adar da suke ɗora wa mai saye kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce. Ribar da ka hango a waya, rabinta a hanya take zubewa.

Sannan farashi yana sauka. Lokacin korona mutane suka yi ta zuba kuɗi a agogo kamar hannun jari, abin ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya dinga gangarowa sama da shekara biyu. Wasu Rolex da Patek Philippe da aka saya a saman tsaunin har yau masu su ba su mayar da uwar kuɗi ba. Tarihin sana'ar ma kansa darasi ne. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da kwatz (ɗan dutsen da ke daidaita tafiyar agogon batir) da aka sa a kasuwa. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen dubu casa'in zuwa kusan dubu talatin, kamfanoni da yawa suka rufe. A lokacin agogon inji ya zama tarkace, shi ya sa iyayenmu suka jefa su a akwati. Abin da mutane suka taɓa juya wa baya za su iya sakewa.

Babbar matsalar ma ita ce haɗe-haɗe. Akwai agogunan da ake haɗawa a Indiya, a ɗauko inji daga nan, jiki daga can, a buga sabuwar fuska mai kalar bakan gizo a rubuta Seiko ko Oris ko HMT, a zuba a eBay da arha. Sau biyu na faɗa wannan ramin a shekarata ta farko. Kada ka ce ai ni sabon shiga ne shi ya sa. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a Janeba a kan sama da faran miliyan uku na Suwizalan, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗin gambiza ne, an harhaɗa shi da sassan agoguna daban-daban. In masu ƙera abin za su sha, ina ga ni da kai?

In tsoron faɗuwar naira ne ya dame ka, akwai kadarorin da za ka sayar da safe ka karɓi kuɗi kafin azahar. Agogo ba ya cikinsu. Na taɓa shafe wata bakwai ina neman mai sayen King Seiko mai kyau. Ni abin da harkar ta ba ni, daga goma sha huɗun nan uku sun yi riba sosai, biyar suna nan inda na saye su, sauran asara ce in aka haɗa da kuɗin gyara. Ban yi nadama ba, don da yamma in na buɗe akwatin ina ɗaure musu sifirin ɗaya bayan ɗaya, daɗin da nake ji ya ishe ni. Amma ba da jarin shagona na saye su ba.

Na Damagaram

Mutumin Jidda, ka cika tsoratarwa. Ni a kasuwar Dole na tsinci Seiko mai rawayar fuska, lambar injinsa 6139, cikin kwanon tarkacen wani tsoho, jaka biyar na ba shi. Ashe irin wanda ɗan sama-jannatin Amurka William Pogue ya tafi da shi tashar Skylab a 1973 ne. Wani abokina a Faransa ya sayar mini da shi, kuɗin ya saya mini babur. Abin da Ɗan Gwammaja ya hango gaskiya ne, kayan suna nan a gidaje. Ku riƙa duba masu tambari a fuska kuma, kamar wuƙar Oman ko takubban Saudiyya da dabino. Sarkin Oman Qabus ya yi ta kyautar Rolex masu tambarin wuƙar nan, yanzu sun fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba.

Baƙon Jidda

Shekara nawa ka yi kana leƙa kwanukan tarkace kafin ka samu ɗayan? Kuma tun daga nan ka sake samun wani?

Na Damagaram

Shida. Ban sake ba tukuna, amma ban fid da rai ba.

Uwar Biyu

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Duk kun tafi lissafin dala, ba wanda ya yi tambayar da ta fara zuwa mini: an raba gadon? Ka ce "in sayar", amma agogunan nan ba naka ba ne kai kaɗai. Hajiya tana da tumuninta a ciki, 'yan'uwanka mata suna da rabonsu. Da a da ne da ake ganin tarkace ne, sai a ce kai babba ɗauka, kowa ya yafe. Yanzu da ka san ɗaya daga ciki zai iya haura miliyan, yafiyar da aka yi cikin rashin sani ba za ta wanke ka ba. Ka tara su ka faɗa musu abin da ka ji a nan, a kimanta, wanda yake so ya biya sauran.

Haka gidajen alhazan da kake son bi. Ka je wurin gwauruwa ka ba ta dubu biyar a kan abin da ka san ya kai dubu ɗari biyar, me ya raba ka da mutumin teburin gefe da ya ba ka haushi? Na Damagaram, da kai ma nake, ka koma ka ga tsohon nan in yana raye.

Sannan ka tambayi malaminku zakka. Wanda ka ajiye don ɗaurawa babu komai a kansa, amma wanda ka saya da niyyar sayarwa ya zama hajar kasuwanci. A mazhabarmu ta Malikiyya hukuncin mai juya kaya kullum daban yake da na mai ajiyewa yana jiran farashi ya tashi, gara ka san wanne ne kai tun kafin ka fara.

Ɗan Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya, maganarki ta shige ni, gaskiya ban kawo wannan a raina ba. Jiya bayan isha'i muka zauna da Hajiya da ƙannena huɗu. Hajiya ta ce Radon nata ne a cikin rabonta, ba mai sayar da shi tana raye, don ita ta riƙe masa jaka a shagon da ya saya. Omegan an yarda a gyara da kuɗin gida, a kimanta, sannan a san abin yi. Ni na nemi Seikon, zan biya kowa nasa.

Baba, na duba bayansa. An rubuta 6119, doguwar lambar kuma ta fara da 4N. Ankar Radon tana juyawa. A ƙasan fuskar Omegan akwai T hagu da dama. Miliyan biyun nan kuma na fasa taɓa su, sai dai na ware dubu ɗari in riƙa zagaya 'yan tebur ranar Lahadi ina koyon kallo. Saura wanda zai yi wankin, ni yanzu tsoron kowa nake.

Baba Mai Agogo

4N, Nuwamban 1974 ke nan. Ya fito daga Japan ya iso kanti daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihu, mahaifinka bai yi maka ƙari a labari ba.

Wajen mai wanki, kada ka tambaye shi ko ya iya, kowa zai ce ya iya. Dubi teburinsa. In ka ga ƙananan kwalaben mai fiye da ɗaya, da gilashin da ake maƙalawa a ido, da murfin da yake kife sassan inji don ƙura, to zauna. In fetur da buroshin haƙori ka gani, yi sallama. Fara ba shi Seikon, shi ya fi jure wahala kuma kayansa suna samuwa. Ka ɗaura shi mako biyu kana gwada shi da agogon waya kullum da safe. In bai wuce rabin minti ba a rana, gaba ko baya, to ka kai masa Omegan, a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin da lambar da ke jikinsa da ta cikin murfi kafin ka bar wurin. Injin ya kamata ka gan shi ja-ja kalar tagulla. Ka turo hoton, jikana zai ƙara mini girmansa in duba.